Ra'ayi: A gyara tsohon shafi, makulli kuma ya zauna hannun masu gida

Duk wanda ya ɗauki salularsa ya leƙa shafukan intanet na wasu ma'aikatu, makarantu, ƙungiyoyi da gidajen rediyo na ƙasar nan zai tarar da su kamar kangon gida. Labarin da ke sama ya shekara uku ko huɗu a wurin. Hoton shugaban da ke yi wa baƙi maraba na wanda ya daɗe da barin kujera ne. Lambar wayar da aka rubuta ba ta shiga, wurin da aka ware wa sanarwa kuma babu komai a cikinsa.

Masu ɗanɗana kuɗar wannan sakaci su ne ɗalibar da ta ci jarabawar bak a Tasawa tana neman ranar rufe rajistar jami'a, da ɗan ci-ranin da ke Legas, Abidjan, Tamanrasset ko Jidda yana son sanin takardun da zai aiko gida a fitar masa da kwafin takardar haihuwa, da matashin da ya ji ƙishin-ƙishin ana ɗaukar ma'aikata. Idan shafin ma'aikata ya yi shiru, sai su koma ga hoton takarda da ke yawo a WhatsApp, wanda ba a san ranar da aka rubuta shi ba balle wanda ya fara turo shi. Ta wannan ƙofa ƴan damfara ke shigowa: su ɗauki tambarin ma'aikata, su ƙirƙiri sanarwar ɗaukar aiki, su ce a turo kuɗin rajista ta waya.

Maganin da ya dace da yawancin waɗannan shafuka shi ne a saka musu manhajar kula da shafi, wadda masu sana'ar ke taƙaita sunanta da CMS, domin ma'aikatan gidan su riƙa wallafa abu da kansu. Amma aikin na da sharaɗi biyu da ake yawan tsallakewa: kada a zubar da abin da tsohon shafin ya tara, kuma kada makullin ya sake komawa aljihun mutum guda. Duk aikin da ya rasa waɗannan biyu, bayan shekara biyu zai koma kango kamar na farko.

Abin da ke kashe shafi

Tsofaffin shafuka da yawa da hannu aka gina su. Kowane fegi fayil ne mai zaman kansa, rubutu da launi da tsari duk a cakuɗe cikin yaren HTML. Wanda zai canza lambar waya ɗaya sai ya buɗe fayil ɗin a kwamfuta, ya nemo layin, ya gyara, sannan ya sake tura shi ga kwamfutar da ke ba shafin masauki. In lambar ta fito a fegi talatin, sau talatin zai yi aikin. Sakatariyar ofis ba ta iya wannan ba, ɗan jaridar gidan rediyo ma haka. Saboda haka komai na jiran masanin kwamfutar da ya gina shafin, shi kuwa kwangilarsa ta ƙare ranar da aka yi bikin ƙaddamarwa. Wani ya samu aiki a Yamai, wani ya tafi karatu waje, wani kuma bai ga dalilin ɗaga waya ba tunda ba a cika masa kuɗinsa ba. In kuwa wani shiri ne na masu ba da tallafi ya biya, ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa shafin ke fara mutuwa.

Manhajar kula da shafi tana raba waɗannan abubuwa gida biyu. Rubutu da hotuna da ranaku suna zaune a rumbun bayanai. Tsari da launi suna zaune daban, kamar rigar da ake sa wa shafin. Idan baƙo ya latsa adireshi, manhajar ta ɗauko rubutun ta sa masa rigar ta miƙa masa. Ma'aikaci kuma yana shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya rubuta sanarwa kamar yadda yake rubuta saƙo a waya, ya latsa maɓallin wallafawa. Lambar wayar nan da ke fegi talatin, sau ɗaya za a canza ta.

Waɗannan manhajoji ba baƙi ba ne a duniya, kuma manyansu kyauta ne. Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya fitar da Drupal a shekarar 2001. A wannan shekara ce SPIP ta fito a Faransa, an kuma gina ta ne da tunanin aikin ɗakin labarai, inda marubuci ke miƙa rubutu edita ya duba. Matt Mullenweg da Mike Little sun fitar da WordPress a 2003, yau kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita suke aiki. Joomla ta zo a 2005, sunanta daga kalmar Swahili ce mai ma'anar haɗuwar abu gaba ɗaya, wadda tushenta ɗaya da "jimla" ta Hausa. Ko fadar shugaban Amurka ta mayar da shafinta kan Drupal a 2009, daga baya ta koma WordPress. Ke nan samun manhajar ba shi ne wahala ba. Inda ake tuntuɓe shi ne yadda ake shigar da ita cikin shafin da ya riga ya wanzu.

Rushe-rushe ba gyara ba ne

Hanya mafi sauƙi ga mai kwangila ita ce ya goge komai ya fara daga tushe. Sabon shafi ya fi kyawun nunawa a bikin ƙaddamarwa, kwashe tsofaffin rubuce-rubuce kuwa aiki ne mai cin rai da babu mai yabawa. Sai dai abin da ake gogewa dukiya ce. Labaran da gidan rediyo ya rubuta kan ambaliya, farashin gero da wake, ko rikicin manoma da makiyaya tsawon shekaru goma, su ne tarihin yankin a rubuce. Rahotannin ƙungiya da jerin sakamakon makaranta su ne shaidar da wani zai nema gobe.

Kowane fegi kuma yana da adireshinsa, kamar lambar gida a unguwa. Google ya san adireshin, wasu jaridu sun yi nuni zuwa gare shi, ɗalibai sun rubuta shi a kundin kammala karatunsu, mutane sun tura wa juna shi a waya. Sabuwar manhaja tana ƙirƙirar adireshi irin nata. In ba a yi tanadi ba, duk wanda ya biyo tsohuwar hanya zai tarar da saƙon nan mai lamba 404, wato ba a samu fegin ba. Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, ya yi rubutu yana jan kunne cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya canzawa. Ba a saurare shi yadda ya kamata ba. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin 100 na fegin da ke intanet a 2013 sun ɓace bayan shekara goma.

Aikin kirki yana farawa ne da ƙidaya. A zauna a lissafa duk abin da ke tsohon shafin, fegi da hotuna da takardun PDF da muryoyi, kowanne da adireshinsa. Masu gidan ne za su ce wannan a riƙe, wannan a gyara, wancan a adana a matsayin tarihi, domin mai kwangila bai san darajar kowace takarda ba. Daga nan a yi jadawali mai layi biyu, tsohon adireshi da sabon da ya maye gurbinsa, a ba kwamfutar masauki umarnin da ake kira 301, wanda ke karkatar da baƙo zuwa sabon wuri ba tare da ya lura ba, yake kuma shaida wa Google cewa ƙaurar ta dindindin ce. A tabbata kowane labari ya ƙaura da ainihin ranar wallafa shi da sunan wanda ya rubuta. Labarin 2016 da ya fito ɗauke da ranar da aka yi ƙaura ya zama ƙarya, ko da ba a taɓa kalma ɗaya a cikinsa ba.

Ba dole ba ne ma a kwashe komai rana ɗaya. Ana iya barin tsohon shafin yadda yake, a dasa manhajar a sashe guda kawai, kamar na labarai da sanarwa, tunda nan ne ake buƙatar canji kullum. Ana iya mayar da tsohon tsarin ya zama rigar sabuwar manhajar, baƙo ya ga shafin da ya saba gani alhali injin da ke ciki ya canza. Akwai kuma masu ajiye manhajar a bayan fage, ma'aikata su yi rubutu a cikinta, ita kuma ta riƙa fitar da fegi marasa nauyi ga jama'a. Ga ƙaramar ma'aikata mai ƙaramin kasafi, hanyar farko ta fi aminci: kuɗinta kaɗan ne, in an yi kuskure ɓarnar ba ta da yawa, ma'aikata kuma za su koyi aikin sannu a hankali. Kowace aka zaɓa, a fara gwada ta a kan kwafi, a bar shafin da jama'a ke gani sai an gamsu.

Haruffa huɗu da ke tona asirin aiki

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, tambayar ko shafi zai iya ɗaukar Hausa ta daina zama ta ado. Rubutun Hausa na Nijar yana da haruffa masu lanƙwasa guda huɗu: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsofaffin shafuka da yawa an gina su ne kan tsarin haruffan Yammacin Turai da ake kira Latin-1, wanda ya san é da ç na Faransanci amma bai san waɗannan huɗun ba. Tsarin da ya san su shi ne UTF-8. Idan aka kwashe rubutu daga wannan tsari zuwa wancan ba tare da kulawa ba, haruffan sukan rikiɗe su zama alamar tambaya ko wasu ƴan zane marasa ma'ana, har ma da na Faransancin.

Wasu kan ce a rubuta ba lanƙwasa, ai mai karatu zai gane. Wani lokaci yakan gane. Amma "baki" da "baƙi" ba ɗaya ba ne, haka "fada" da "faɗa". Gidan labarai da ya so ya ce an yi taro a fada ba zai so a karanta masa wani abu daban ba. Don haka kafin a karɓi aiki, a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana, a kanun labari da cikinsa, a duba ta a salula mai araha. Wasu salon rubutu masu kyawun gani ba su da waɗannan haruffa, sai wayar ta aro su daga wani salo, kalma ta fito rabi doguwa rabi gajeriya. A gwada akwatin bincike ma: mafi yawan mutane "kasa" za su rubuta suna nufin "ƙasa", ya kamata shafin ya kawo musu abin da suke nema.

Zaɓen manhaja ma ya shafi harshe. Joomla, Drupal da SPIP suna zuwa da tsarin harsuna da yawa a jikinsu, WordPress kuwa sai an ƙara mata wata ƴar manhaja irin su Polylang. Duk suna aiki. Abin da ke muhimmi shi ne a yanke shawarar tun farko, domin ƙara harshe na biyu bayan an tara rubutu dubu aiki ne sabo. A kuma tanadi wurin saka murya, tunda akwai dubban mutanen da sanarwar minti biyu da Hausa ko Zabarmanci za ta fi yi wa amfani fiye da takarda mai fegi uku.

Wa ke riƙe da makulli?

Nan ne zuciyar maganar. Shafi yana da makullai uku: asusun da aka yi rajistar sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ne ne ko .org ko .com, asusun kamfanin da ke ba shi masauki, da asusun babban mai kula a cikin manhajar. Abin da aka saba gani shi ne mai kwangila ya buɗe duka ukun da sunansa da adireshin imel ɗinsa, sau da yawa ba da mugun nufi ba, don dai ya fi sauri. Sunan shafi haya ce da ake sabuntawa, galibi duk shekara. Idan lokacin biya ya zo, saƙon tunatarwa yana zuwa ga mutumin da ya daɗe da barin aikin. Sunan ya faɗi, wani a wata ƙasa ya saye, wata rana a wayi gari adireshin da ke kan takardun ma'aikata yana kai mutane wurin tallar caca. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kujeru ma suna canza hannu. A watan Afrilu 2024 hukumomin ƙasa sun rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Ƙungiyoyi na sake shugabanni, daraktocin makarantu na samun canjin wurin aiki. Duk ma'aikatar da makullin shafinta ke cikin wayar mutum ɗaya, ranar da ya tafi da shi zai tafi. Ya kamata makullan uku su kasance da sunan ma'aikata da imel ɗin ma'aikata, mutum biyu aƙalla su san su, a kuma saka su cikin takardar miƙa aiki kamar yadda ake saka makullin ofis da na mota.

A cikin manhajar kuma ba kowa ake ba babban makulli ba. WordPress, alal misali, tana da matakai: akwai wanda zai iya rubutu amma ba zai iya wallafawa ba, akwai mai wallafa nasa kaɗai, akwai edita mai iko kan rubutun kowa, sannan babban mai kula da ke taɓa injin kansa. Ɗabi'ar raba kalmar sirri ɗaya ga ofis gaba ɗaya tana rushe wannan tsari. Ga gidan jarida abin ya wuce batun tsari kawai. Ƙasar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, abin da aka wallafa yana iya kai mutum gaban alƙali. Manhajar tana ajiye tarihin wanda ya rubuta, wanda ya gyara da lokacin da aka yi, amma wannan tarihi ba shi da amfani idan mutum goma suna shiga da suna ɗaya. Haka kuma shafin da ya fara karɓar sunaye, lambobin waya da kwafin katin shaida ta hanyar fom ya ɗauki amanar da hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP ke sa ido a kanta. Abin da ba a buƙata, kada a tambaya.

Hujjojin masu ja, da inda suke da gaskiya

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda jama'a na Facebook, WhatsApp da TikTok. Gaskiya ne can jama'a suke, kuma duk ma'aikatar da ta ƙi zuwa can ita ta yi asara. Amma can gidan haya ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Tun watan Agusta 2023 kamfanin Meta ya toshe labaran kafofin yaɗa labarai ga masu amfani da Facebook da Instagram a Kanada saboda saɓani kan wata doka, gidajen jaridun da suka dogara da shi suka rasa hanyar isa ga masu karatunsu a can. Ban da haka, nemo sanarwar bara a Facebook aiki ne, kuma kowa na iya buɗe shafi da sunan ma'aikata da tambarinta. Tsarin da ya fi shi ne a wallafa a shafin gida, sannan a tura mahaɗin zuwa dandalin sada zumunta. Ta haka mai shakka yana da wurin da zai je ya tabbatar.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: shafin da aka gina da hannu da wuya a yi masa kutse, manhaja kuwa tana da ƙofar shiga, duk abin da ke da ƙofa kuma ɓarawo na gwada shi. Wannan gaskiya ce tsantsa. A watan Oktoba 2014 an gano wata babbar ɓaraka a Drupal 7, har masu kula da manhajar suka sanar cewa duk shafin da bai toshe ta ba cikin awa bakwai da sanarwar, ya ɗauka an riga an shige shi. Manhajoji ma na tsufa: an daina kula da Joomla 3 a Agusta 2023, Drupal 7 kuma a Janairu 2025, duk shafin da ke kansu yanzu ba ya samun gyaran tsaro daga tushe. A WordPress, yawancin ɓarakar daga ƴan manhajojin ƙari take fitowa, musamman waɗanda ake sayarwa amma aka sauko da su kyauta daga shafukan sata, domin sau da yawa da tarko a cikinsu. Darasin da ke nan shi ne manhaja kamar babur take, tana son juyen mai a kan kari. Wanda ba zai ware kuɗin kulawa na wata-wata ba, gara ya bar shafinsa yadda yake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shagon ɗinki ko ƙaramin otal mai fegi biyar da ba sa canzawa ba ya buƙatar wannan inji ko kaɗan, kuma mai kwangilar kirki zai faɗa masa haka.

Hujja ta uku ita ce nauyi. Rigunan shafi da ake sayarwa an ɗinka su ne don masu intanet mai ƙarfi, da manyan hotuna masu zagayawa da bidiyo mai kunna kansa. Mai karatu a Dakoro ko Tanut da ya sayi mega na ƴan daloli ba zai jira ba, kuma bai kamata sanarwa ɗaya ta cinye masa kuɗin yini ba. Wannan ma gyaruwa yake: riga marar nauyi, manhajojin ƙari kaɗan, a rage girman hoto kafin a saka, a rubuta sanarwa a matsayin rubutu maimakon ɗaukar hoton takarda. Wurin gwajin shafi shi ne ƙaramar salula a inda rezo ke da rauni, domin a nan masu karatun suke.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A watan Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu ba shafuka masauki a Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin ginin da ya ƙone sun rasa komai. Idan haka ta faru a Faransa, babu wanda zai ce ya fi ƙarfin tsautsayi. Shafin da ke kan manhaja yana da kaya kashi biyu, fayiloli da rumbun bayanai, kuma kwafin da ya rasa ɗaya bai cika ba. A riƙa ɗaukar kwafi a kai a kai, a ajiye ɗaya a wani wuri daban, ɗaya kuma a hannun ma'aikatar kanta a nan cikin ƙasa. A kuma gwada mayar da shi ko da sau ɗaya, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Masu sha'awar ajiye shafi a kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin ofis don gudun biyan masauki su tuna watannin da suka biyo bayan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO. Shafin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta yana yin shiru ne daidai lokacin da aka fi buƙatar sanarwa.

Inda kuɗin ya kamata su tafi

Akwai aikin yi a nan ga matasa. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa suna yaye ɗalibai duk shekara, ga kuma waɗanda suka koyi aikin da kansu ta bidiyon intanet. Kasuwar gina sabon shafi ƙarama ce, sau ɗaya ake biya. Kasuwar kulawa kuwa ba ta ƙarewa: sabunta manhaja, ɗaukar kwafi, horar da ma'aikata, amsa waya idan abu ya lalace. Matashin da ya riƙe shafuka goma da yarjejeniyar wata-wata ya samu sana'a, kuma ribarsa tana cikin shafin ya rayu. Ɗan ci-ranin da ya iya aikin ma zai iya yin sa daga inda yake, muddin akwai wani a gida da ya iya wallafawa.

Shugabannin ma'aikatu da ƙungiyoyin ƴan ƙasa mazauna waje, waɗanda sukan tara kuɗi don yi wa garinsu ko makarantarsu shafi, su rage abin da ake kashewa a bikin ƙaddamarwa su ƙara a horo. Kwana biyu na koyarwa ga mutum uku, da ɗan littafin jagora mai hotuna cikin Hausa da Faransanci, sun fi kowane ado amfani. A kuma sa wallafawa cikin aikin wani ma'aikaci a rubuce, domin aikin da aka bar wa kowa babu mai yin sa.

Ranar karɓar aiki kuma a yi gwaji huɗu kafin a biya cikon kuɗi. Sakatariya ta wallafa sanarwa da Hausa daga salularta, mai kwangila yana zaune bai sa hannu ba. A ɗauki tsofaffin adireshi ashirin a latsa, kowanne ya kai inda ya kamata. A mayar da kwafin ajiya a kan shafin gwaji a ga ya tashi. Sannan shugaban ma'aikata ya shiga asusun sunan shafin da na masauki da kansa, ya canza kalmomin sirri. Mai kwangilar da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ƙi kuwa, gara a gane shi tun kuɗin suna hannu.